Jakar ruwa a cikin kan tunkiyata: tsutsa ce, iska ce, ko me?

Lawali Garin Malam: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu kiwo da mahautan da ke cikinmu. Wata huɗu da suka wuce na sayi ƴar tunkiya a kasuwar Alhamis, ba ta cika shekara ba, da nufin ta haihu a gida. Sati uku ke nan ta fara ware kanta daga sauran. Sai ta karkata kai ta yi ta zagaye kamar an ɗaure ta a turke, kullum hagu, ko sau ɗaya ban ga ta juya dama ba. In ta gaji ta je ta kafa goshi a jikin katanga, tana nan har la'asar. Ka miƙa mata dusa ta gefen dama ba ta gani, sai ka zagayo ta hagu. Wani mai tallar magani a kan babur ya karɓe mini jika biyu da rabi, ya rantse kwana uku za ta miƙe. Shiru. Jiya muka yanka kada ta mutu a banza. Da aka fasa kan, sai ga wata jaka a cikin ƙwaƙwalwar, kamar ƙwan kaza marar ɓawo, cike da ruwa garai-garai, da wasu ɗigo-ɗigo farare manne a jikinta kamar an watsa tsaki. Wurin da ta zauna ƙwaƙwalwar ta lotsa. Mene ne wannan? Naman kuma ya ciwu?

Rabi Tudun Jamus: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Yaya Lawali. Mu a gidanmu in dabba ta kama wannan zagayen cewa ake iska ta shafe ta. Kakata hayaƙi take musu da magariba. Amma tsakani da Allah ban taɓa ganin wadda ta tashi ba.

Sanusi Ɗan Fawa: Na karanta wa Baba tambayarka, ga abin da ya ce in rubuta. Tsutsar kai ce, ba wata iska. Shekararsa arba'in yana fasa kan rago da gatari, da wuya a yi sati bai ga tsutsa a ciki ba, farare masu ƙiba kamar ƙananan gwazarma, manyan da baƙin zane a baya. Ta hanci suke shiga su ci ƙwaƙwalwa, ruwan da ka gani gurbin da suka cinye ne.

Dokta Hadiza: Yaya Lawali, kafin in ce komai bari in yi canke. Jakar nan a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwar kuka same ta, ko?

Lawali Garin Malam: Ikon Allah! A hagu take. Ban faɗa ba, ban sa hoto ba. Dokta ko kin fara duba ne?

Dokta Hadiza: Ba duba ba ne, kai ka faɗa mini ba ka sani ba. Ku yi haƙuri, bayanin zai ɗan yi tsawo.

In ka ɗauke murfin ƙoƙon kan tunkiya a hankali, abin da za ka fara gani shi ne babbar ƙwaƙwalwa, ɓari biyu kamar goro, da tsagi a tsakani. Samanta duk lanƙwasa ne da kwaruruka. A bayanta wajen ƙeya akwai ƙarama mai siraran layuka a jere, ita ke kula da daidaiton tafiya da tsayuwa. Ƙarƙashinsu akwai kututture, wanda ya zarce ya fita ta ramin ƙeya ya zama lakar da ke bin ƙashin baya. Numfashi da bugun zuciya da haɗiya duk a hannun kututturen nan suke.

To jijiyoyin gilmawa suke yi. Ɓarin hagu ne ke riƙe da gefen dama na jiki, na dama yana riƙe da hagu. A tunkiya mafi yawan jijiyar idon dama ma hagu take tsallakawa. In ka kifa ƙwaƙwalwar za ka ga inda jijiyoyin idanun biyu suka haɗu suka gitta juna, fari fat. Da ka ce ba ta ganin dusa ta dama, zagayenta kuma hagu ne, na san ɓarin hagu aka danne. Idon lafiyarsa lau, mai karɓar saƙonsa ne ya lalace. Dabba kuwa galibi gefen da ciwon yake take zagayawa. Da a ƙaramar ta ƙeya jakar ta zauna, ba zagaye za ka gani ba sai tangaɗi, tana ɗaga ƙafa sama fiye da kima kamar mai tsallake kwata, tana faɗuwa.

Ita jakar ƴar tsila ce. Uwar tana zaune a hanjin kare, ko dila, ko yanyawa. Kare ya yi kashi a makiyaya ko kusa da harawa, ƙwai ya manne a ciyawa, tunkiya ta ci. Ya ƙyanƙyashe a hanjinta, ya huda, ya bi jini har ƙwaƙwalwa, ya zauna yana tara ruwa wata shida zuwa takwas kafin ya cika. Ɗigon fararen nan kowane ɗaya kan tsila ne, yana jiran kare ya haɗiye shi. Sunanta a littafi Taenia multiceps, wato mai kawuna da yawa. In aka lissafa watanni, da ita ka sayo tunkiyarka, mai sayarwar ma wataƙila bai sani ba.

Mutum ba ya kamuwa ta cin naman. In zai kamu ta ƙwan da ke kashin kare ne, shi ma ba kasafai ba. Abin da ya fi damuna a naman shi ne maganin mai babur, tunda ba mu san mene ne ba. Yaushe ka ba ta na ƙarshe? Kan kuwa a ƙona shi ko a binne da zurfi.

Lawali Garin Malam: Maganin ya ƙare tun sati biyu da rabi.

Sanusi Ɗan Fawa: Baba ya ce a gaya wa ɗiyarsa likita ya gode, amma gani ya kori ji. Shi tsutsa yake gani mai rai tana motsi a cikin kai, ba ƙwai ba, ba kare ba. Ya ce ko a makarantarku ta likitocin dabbobi ta Dakar ba a fasa kawunan da ya fasa ba.

Dokta Hadiza: Wannan kam gaskiya ne, ranka ya daɗe Baba. Wanda ka fasa a sallar layya ɗaya ya fi wanda na fasa a shekarun karatuna duka.

Malam Isufu: Bari in shiga tsakani, don wannan darasi ne da nake yi wa ƴan lise, wato babbar sakandare. Baba bai faɗi abin da babu ba. Tsutsar tana nan, kuma ta hanci take shiga kamar yadda ya ce. Inda muka saɓa shi ne ɗakin da take kwana.

Kan rago kamar tsohon gidan Birni yake: zaure, soro na biyu, sannan ƙuryar ɗaki. Zauren shi ne kogon hanci. Soron shi ne wasu ɗakunan iska da ke cikin ƙashin goshi, waɗanda a mai ƙaho suke zarcewa har cikin gindin ƙahon. Ƙuryar ita ce akwatin ƙwaƙwalwa, can baya, da bangonta na ƙashi daban. Tsakanin hanci da ƙuryar akwai wani ɗan ƙashi mai huda-huda kamar rariya, ta nan siraran jijiyoyin jin wari suke wucewa su shiga wasu ƙululu biyu da ke gaban ƙwaƙwalwa. A tunkiya da kare ƙululun nan manya ne, a mutum ƴan mitsi-mitsi.

Tsutsar Baba ɗiyar wani ƙuda ce. Ba ƙwai yake sakawa ba, ƴaƴa masu rai yake fesawa a bakin hancin rago yana shawagi. Kun lura da tsakar rana tumaki kan cure wuri ɗaya, kowace ta cusa hanci ƙasa ko ƙarƙashin ƴar'uwarta? Har da gudun ƙudan nan. Tsutsar ta hau ta zauna a soro tana cin majina har ta kai gaɓar yatsa, sannan rago ya yi atishawa ya fyato ta, ta nutse a ƙasa ta zama ƙuda. Ragon da kuke gani da majina kaca-kaca yana ta atishawa yana kaɗa kai, sau da yawa ita ce. Raƙumi ma yana da tasa irin. Takan kai ga ƙwaƙwalwa, amma da wuya ƙwarai.

Matsalar gatari ce. Sara ɗaya yake haɗe zaure da soro da ƙurya, tsutsa ta faɗo kan ƙwaƙwalwa, sai a ce a nan take.

Sanusi Ɗan Fawa: Baba ya yi shiru, sannan ya ce gobe in Allah ya kai mu zai ari zarto wajen kafinta ya yanka kai ɗaya a hankali ya gani da idonsa. Ya ce in ya samu tsutsa a ƙurya, Malam zai biya kuɗin kan.

Malam Isufu: Na yarda. In kuma a soro ya same ta, ƙwaƙwalwar tawa ce, a soya mini da albasa.

Dokta Hadiza: Kafin kowa ya ɗauki zarto, ga gargaɗi. Ba kowace dabba mai zagaye ce ke da jaka ba. Akwai ciwon da kaska ke kawowa, akwai wanda ke kama ragon turke in an ɗura masa hatsi da yawa lokaci guda, har ɓawon ƙwaƙwalwarsa ya fara lalacewa ya makance, shi wannan in an yi saurin yin allurar bitamin B1 yakan tashi. Akwai kuma haukan kare, wanda ƙwayarsa ke bin jijiya daga wurin cizo har ƙwaƙwalwa. Dabbar da kare ya taɓa ciza, ta canza hali, tana dalalar da yawu, kada wanda ya yanka ta ko ya sa hannu a kanta. A kira likitan dabbobi.

Rabi Tudun Jamus: Dokta, wata ƴar fata-fata da muke ɓarewa in za mu dafa ƙwaƙwalwa, mai jan zare-zare, ita ce me?

Dokta Hadiza: Tantani ne, Hajiya. Hawa uku ne. Na waje mai kauri yakan maƙale a jikin ƙoƙo, na cikin ne kike ɓarewa, jan zaren kuma jijiyoyin jini ne. Mu ma muna da su. Sanƙarau da ke addabar mu lokacin zafi kumburin wannan tantanin ne, kuma tunda ya rufe har laka, shi ya sa wuya ke sanƙarewa.

Mamman Tanut: Ni tawa tambayar ta raƙumi ce. A watan Afrilu mutum ya wuni a rana tsakanin Tanut da Agadas ba rawani, sai a kwashe shi. Raƙumi kuwa kansa a sama yake wuni, kwana da kwanaki ba ruwa. Me ya hana ƙwaƙwalwarsa dahuwa?

Dokta Hadiza: Malam Mamman ka taɓo wurin da na fi so a cikin kan dabba duka.

A mutum babbar jijiyar wuya kai tsaye take kai jini ƙwaƙwalwa. A raƙumi da tunkiya da akuya da sa da barewa ba haka ba ne. Jinin in ya iso gindin ƙoƙo sai ya rarrabu cikin ɗaruruwan siraran jijiyoyi da suka sarƙe kamar soso, sannan su sake haɗewa su shiga ƙwaƙwalwa. Soson nan kuwa a tsome yake cikin wani tafkin jini da ke dawowa daga hanci. Hancinsu dogo ne, cikinsa a naɗe yake da ƙasusuwa sirara masu laima, numfashi na wucewa yana sanyaya jinin wurin, yadda iska ke sanyaya ruwan tulu. Jinin hanci mai sanyi ya kewaye na zuciya mai zafi, ba su gauraya, zafin kawai ke tsallakawa.

A 1972 wasu masu bincike biyu, Taylor da Lyman, sun auna wata barewar Gabashin Afirka tana gudu, suka samu ƙwaƙwalwarta ta fi jinin jikinta sanyi da kusan digiri 3. Raƙumi kuma yana da ƙarin dabara. Wani masani, Schmidt-Nielsen, ya auna raƙuma a Beni Abbas ta Aljeriya a shekarun 1950: wanda ƙishirwa ta kama, jikinsa kan sauka digiri 34 da asuba, ya hau kusan 41 da yamma. Yana ajiye zafin a jiki maimakon ya zubar da ruwa ta gumi, dare ya yi ya sauke shi kyauta.

Wani abu kuma: da an ɗauka soson nan don kare ƙwaƙwalwa daga dahuwa kawai yake. Yanzu masana da yawa sun fi karkata ga cewa tattalin ruwa ne. Ma'aunin zafin jiki a gindin ƙwaƙwalwa yake, in aka sanyaya shi sai ya rage ba da umarnin haki da gumi, ruwa ya zauna a jiki. Doki da jaki ba su da soson, mu ma ba mu da shi. Ka riƙe rawaninka.

Mamman Tanut: Allahu Akbar. Wato hancin nan da muke hudawa mu sa zare, randa ce.

Malam Abdu Zango: Wannan soson yana da tarihi. Jalinusu, likitan da littattafan ɗibbu na Larabawa suke yawan ambata, dabbobi yake feɗewa ba mutane ba. Ya gan shi a cikinsu, ya rubuta cewa mutum ma yana da shi, aka yi ta kwafa daga littafi zuwa littafi fiye da shekara dubu. Sai a ƙarni na 16 masu feɗe gawa a Italiya suka duba ba su gani ba, ɗaya daga cikinsu, Vesalius, ya rubuta haka a littafinsa na 1543. Don haka Baba da ya ce sai ya gani da idonsa, a kan hanya yake.

Sanusi Ɗan Fawa: Baba ya ce soson ya san shi, yana kewaye da wani ɗan ƙululu kamar ƙwayar wake da ke zaune a ramin kansa a ƙasan ƙoƙo. Yana tambaya, me ya sa sa ya fi rago daɗewa kafin ya saki bayan yanka, ko da wuƙar ta ci daidai?

Dokta Hadiza: Ƙwayar waken nan ita ke aika saƙon girma da zuwan nono da neman barbara, ƙarama ce amma ita ke juya sauran. Maganar sa kuwa, yana da wata hanyar jini ta baya da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta shiga soson, wuƙa ba ta kai gare ta. A rago wannan hanyar ba ta ciyar da babbar ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake saurin fita hayyacinsa. Shure-shuren da ke biyo baya kuwa yawancinsa aikin laka ne.

Habu Kabu-kabu: Ni duk abin da na fahimta shi ne kan rago rabinsa iska ne. Ashe da dalili ake cewa wawa kamar tunkiya. Nawa ma ƙwaƙwalwar take?

Zainabu Ƴar Jami'a: Giram 100 zuwa 140. Ta sa, duk girman kan nan da sai mutum biyu, ba ta cika wuce rabin kilo ba. Ta mutum kilo 1 da giram 300 zuwa 400. Amma Yaya Habu kada ka yi saurin yanke hukunci da sikeli, don ta giwa ta kusa kilo 5, ta wani katon kifin teku mai shayarwa kusan kilo 8. In nauyi ne, giwa ce za ta riƙa ba mu darasi.

Wata masaniya ƴar Barazil, Suzana Herculano-Houzel, ta ƙirga ƙwayoyin jijiyar da ke ciki. Mutum yana da kimanin miliyar 86, biliyan in ji maƙwabtanmu na Kano. Giwa tana da miliyar 257, ninki uku. Amma fiye da kashi 97 cikin 100 na giwa a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya suke, ana jin saboda sarrafa hancin nan nata da katon jiki. A ɓawon babbar ƙwaƙwalwa, inda ake tsara tunani, giwa miliyar 5.6 gare ta, mutum 16.

Habu Kabu-kabu: To ai kin dawo kan maganata, ƙanwata. Mai yawa shi ne mai wayo. Tunkiya kaɗan gare ta.

Zainabu Ƴar Jami'a: Ban dawo ba. Kai nauyi ka ce, ni na ce yawan ƙwayoyi da inda aka zuba su. Ɗauki hankaka. Ƙwaƙwalwar tsuntsu sumul take, ba lanƙwasa ko ɗaya, shi ya sa Turawa suka daɗe suna raina ta. A 2016 masu bincike a jami'ar birnin Farag na ƙasar Cek suka ƙirga, suka ga a ƙwaƙwalwar aku da dangin hankaka ƙwayoyin a cunkushe suke, wajen ninki biyu na birin da nauyin ƙwaƙwalwarsu ya zo ɗaya. Babban hankakan Turai, da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce giram 15 ba, yana da fiye da miliyar 1 a sashen tunani, daidai da wasu birai da tasu ta ninka tasa sau uku.

Malam Isufu: Wanda ya taɓa shanya kilishi ba sai an kawo masa lissafi ba. Hankaka ya san lokacin da mai gadi ya juya baya.

Rabi Tudun Jamus: Ni kuma ban yarda tunkiya wawiya ce ba. Ragona na bara, Balami ne, in na dawo daga kasuwa tun ina bakin lungu yake kuka, amma kishiyata ta wuce ta gabansa sau goma ko kai ba ya ɗagawa. Ranar layya ɗaki na shige na rufe ƙofa.

Habu Kabu-kabu: Hajiya dusa ya sani, ba ke ba.

Zainabu Ƴar Jami'a: An gwada, Yaya. A Ingila kusa da Kambirij, a 2001, an nuna tumaki na iya riƙe fuskokin tumaki 50 a hoto, su gane su har bayan shekara biyu. Hoto ba ya ƙanshin dusa.

Habu Kabu-kabu: To na bar muku tunkiya. Kaza fa? Ita kam ko an cire kan gudu take, alamar dama ba ta aiki da shi.

Malam Isufu: Gudun na laka ne, a cikinta tsarin taku da fuka-fuki yake, kuma daƙiƙoƙi ne ya ƙare. Amma akwai zakaran da ya wuce haka. A 1945, a wani gari Fruita na jihar Kolorado a Amurka, wani manomi ya sare kan zakaransa da gatari, zakaran ya tashi ya ci gaba da tafiya. Wata 18 ya yi a raye, ana ɗiga masa abinci ta maƙogwaro, ana yawo da shi gari-gari mutane na biya su kalla. Har suna gare shi, Mike.

Habu Kabu-kabu: Haba Malam! Da girmanka.

Malam Isufu: Ka nema a intanet, hotunansa na nan. Ba sihiri ba ne. Kan kaza idanu ne suka cinye gabansa, ƙwaƙwalwar giram 3 ko 4 ce, a can baya take a karkace. Gatarin ya ɗauke baki da idanu da sama, ya bar kututturen da Dokta ta ce shi ke riƙe da numfashi da zuciya, jinin kuma ya daskare bai tsiyaye ba. Jimina ma haka kanta yake, ƙwayar idonta ɗaya ta fi ƙwaƙwalwarta girma. Wanda ya je Kelle ta wajen Gure, inda ake kiwon jiminu, ya dubi kan da kyau.

Malam Abdu Zango: Kada dai wani ya tambaye ni hukuncin cin wannan zakaran.

Mamman Tanut: Fara fa? Ita ma in ka cire kan tana ta harbi a cikin buhu.

Zainabu Ƴar Jami'a: Ita nata a rarrabe yake, ƙulli-ƙulli ne jere a ƙasan jikinta. Na ƙirji su ke tuƙa ƙafafu da fuka-fuki, na kai yana kula da idanu da ƙahonnin sansane.

Sanusi Ɗan Fawa: Jama'a barkanmu da kwana. Baba ya cika alkawari. Da asuba ya zaɓi kan wani rago mai majina, aka babbake, muka riƙe masa ya bi tsakiya da zarto daga hanci har ƙeya. Ya ɗauke shi kusan rabin awa, abokan sana'a na ta yi masa dariya wai ya koma kafinta. Da ya buɗe: tsutsa uku, biyu a kogon goshi, ɗaya can cikin gindin ƙaho ta dunƙule. Ƙwaƙwalwar kuwa tana ɗakinta a rufe, tantaninta ko ƙwarzane babu. Ya sa tsinke ya taɓa rariyar da Malam ya faɗa. Ƙaramar ta ƙeya da zarto ya raba ta biyu, cikinta wani farin zane ne kamar bishiya da rassanta, ya daɗe yana kallo, ya ce shekara arba'in gatari na ɓoye masa wannan.

Amma ya ce a rubuta cewa bai janye duka ba. Kai ɗaya ba ya zama shaida, sai ya yanka goma. Kuma ya ce jakar ruwan ya sha ganin ta, har akwai wadda ƙashin samanta ya yi laushi, in ka danna da yatsa yana lotsawa tun dabbar na da rai. Wannan littafinku ya sani?

Dokta Hadiza: Ya sani, Baba, amma ni sau ɗaya na taɓa ji da yatsana. Jakar ce ke tura ƙashin daga ciki har ya sirance. Ta wurin nan mai laushi likita ke hudawa ya zuƙe ruwan ya jawo jakar, kuma dabba da yawa na tashi in an yi da wuri. Bishiyar da ka gani ma suna gare ta a littafi, bishiyar rayuwa. In ka sake samun mai laushin ƙashi kafin a yanka, don Allah a kira ni.

Malam Isufu: Sanusi, albasa na hannuna. In ya yanka na biyu kuma a ajiye mini rabi cikin ruwan gishiri, ƴan ajina su gani ranar Litinin.

Dokta Hadiza: Yaya Lawali, shiru. Ka ce an fasa kan, ba ka ce inda aka kai shi ba.

Lawali Garin Malam: Dokta abin da nake ta jin nauyin faɗa ke nan tun jiya. Da muka ga jakar, uwargida ta ce ba za a dafa mata wannan kan a tukunya ba. Yaro ya ɗauka ya jefa bayan katanga. Kafin magariba karen maƙwabcinmu ya ja shi ya tafi. Karen nan kuwa a kan harawata yake kwana in dare ya yi.

Dokta Hadiza: To akwai sauran lokaci. Tsilar na ɗaukar wajen sati shida a hanjinsa kafin ta fara zubar da ƙwai. Ka samu maƙwabcin yau, a ba karen maganin tsila, firazikwantel, daidai nauyinsa, wajen likitan dabbobi za ku karɓa, ba wajen mai babur ba. A ɗaure shi kwana biyu, a kwashe kashin a ƙona. Harawar kuma ka ɗora ta kan rumfa. Tumaki nawa suka rage?

Lawali Garin Malam: Huɗu, da ɗan akuya. Maƙwabcin dai ba ma ga-maciji da shi tun rigimar magudanar ruwa ta damina, ban san ta inda zan fara ba.

Sanusi Ɗan Fawa: Baba ya ce wane lungu ne a Garin Malam? In an sauko daga la'asar zai biyo, shi zai yi masa magana. Ya ce ka tanadi igiya.